Wasiƙa: Ƙarar koci Flores da NFL ba labarin Amurka kaɗai ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum, ranka shi daɗe. Dan Allah a ɗan sammin fili a jaridar tamu mai farin jini in yi magana kan shari'ar koci Brian Flores da NFL, wato babban lig ɗin ƙwallon Amurka, da ake ta ja a Amurka tun 2022, wadda ba kasafai ake kawo ta a shafin wasanni na Hausa ba, alhali a ganina tafi labarin wane ya koma wane kulob amfani gare mu.

Nasan wasu zasu ce mi ya haɗa mutumin Katsina da ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka da hannu ana gudu ana ture juna da hular kwano, ga shi ma sai tsakar dare ake nuna ta a nan lokacin masu gidajen kallo sun kashe janareto. To amsar mai sauƙi ce. Mai Arsenal, Stan Kroenke, shi ne mai ƙungiyar Los Angeles Rams ta NFL. Iyalan Glazer da 'yan Man U suka daɗe suna tsinewa, su ne masu Tampa Bay Buccaneers. Shahid Khan mai Fulham shi ne mai Jacksonville Jaguars, masu San Francisco 49ers kuma su suka saye Leeds. Kenan mutanen da muke biyan kuɗin kallo duk Asabar da Lahadi muna ɗaga jijiyar wuya saboda kulob ɗinsu, can ne gidansu na asali, in kana so kasan halinsu to ka duba yadda suke yi a can.

Ga yadda abun yake. NFL ƙungiyoyi 32 ne, kuma babu maganar faɗawa rukunin 'yan dagaji kamar yadda Katsina United ta faɗa a 2022 sai da tasha fama ta dawo a 2023. Can ko wasa ɗaya baka ci ba kana nan daram. Bugu da ƙari ma lada ake baka, saboda duk shekara akwai ranar da ƙungiyoyi ke zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, kuma wadda tazo ta ƙarshe a teburi ita ke fara zaɓa. Sun yi haka ne wai dan kar wata ƙungiya ta daɗe a ƙasa, niyyar mai kyau ce, amma kai ma ka gani ai, in har rashin nasara zai baka ɗan wasan da yafi kowa a shekarar, to akwai mai kulob ɗin da zai fara lissafin cewa faɗuwa ta fi ci riba.

Brian Flores baƙar fata ne, iyayensa 'yan Honduras, a Brooklyn ya tashi, ya daɗe yana aiki ƙarƙashin babban koci Bill Belichick a New England Patriots kafin Miami Dolphins su bashi babban koci a 2019. Shekarar farko tazo masa da zafi, wasan farko Baltimore suka zuba masu 59 da 10, na biyu Patriots 43 da nema, sai da suka faɗi wasa 7 a jere. Amma daga baya yaran suka farfaɗo suka ƙare da cin 5 rashin 11, har wasan ƙarshe suka je gidan Patriots suka doke su. A 2020 ya ci 10 ya faɗi 6, a 2021 ya ci 9 ya faɗi 8, sai kawai a watan Janairun 2022 aka sallame shi. Ranar 1 ga Fabrairu 2022 ya shigar da ƙara kotun tarayya da ke Manhattan a New York, yana ƙarar NFL ɗin kanta da Dolphins da New York Giants da Denver Broncos.

Zargin da yafi tada ƙura shi ne, yace a 2019 mai kulob ɗin, attajirin gine-gine Stephen Ross, ya yi masa tayin dala 100,000 kan kowane wasa da ya bari aka ci su, dan su zo na ƙarshe su samu zaɓin farko. Yace yaƙi, kuma daga nan aka fara ɗaukarsa mai taurin kai. A shekarar Cincinnati ce tazo ta ƙarshe ta ɗauki Joe Burrow, Dolphins sai na biyar suka samu. Ross ya fito ya musanta yace ƙarya ce da ɓata suna, wannan dole a faɗa saboda har yanzu zargi ne ba wata kotu da ta tabbatar. Ita kau NFL, ƙarar ko kwana bata yi ba ta fitar da sanarwa cewa bata da tushe. Wannan saurin shi ya fara bani mamaki, yaushe kuka bincika har kuka gano bata da tushe?

Sauran ƙarar kan wariyar launin fata ce wajen ɗaukar koci. Suna da wata doka tun 2003 da ake kira dokar Rooney, tace dole kulob ya gana da wanda ba farar fata ba kafin ya naɗa koci. Flores yace ganawar ta zama wasan yara, an riga an gama zaɓe a ɗaka sai a kira ka dan a cika ƙa'ida. Hujjarsa kuma abin dariya ce abin takaici, Belichick ya turo masa saƙon tes yana taya shi murna wai ya samu aikin Giants, alhali saura kwana uku ma a yi masa intabiyu, ashe tsohon ya rikita lamba ne, wani Brian ɗin yake nufi, Brian Daboll, kuma shi ɗin aka ba aikin. Giants sun ce ba haka bane, basu yanke shawara ba sai da suka gana da kowa. Duk wanda ya taɓa zuwa intabiyun aiki a ƙasar nan ya tarar tun jiya an raba takardun kama aiki, ba sai an fassara masa yadda Flores yaji ba. Lokacin da ya shigar da ƙarar, cikin ƙungiyoyi 32 baƙar fata ɗaya ne babban koci, Mike Tomlin na Pittsburgh, a lig ɗin da mafi yawan 'yan wasansa baƙaƙe ne. Daga baya wasu kococi biyu, Steve Wilks da Ray Horton, suka shigo cikin ƙarar.

To yanzu ga inda nike so masu karatu su tsaya. Wa ya binciki maganar dala 100,000 ɗin? NFL ce da kanta. Ta ɗauko wata babbar lauya Mary Jo White ta bata aikin, aka yi wata shida, a watan Agustan 2022 aka fito da sakamako. Suka ce Dolphins basu faɗi wasa da gangan ba. Suka yarda cewa Ross ya sha faɗa cewa matsayinsu a zaɓen 'yan wasa yafi cin wasa muhimmanci, har Flores ya rubuta wa manyan kulob ɗin damuwarsa kan haka. Maganar kuɗin kuma suka ce shaidu sun sha bamban kan yadda aka faɗe ta, kuma ko ma yaya aka faɗa ba da gaske ake nufi ba. Wato dai raha ce. Malam Edita, maigidanka wanda ke biyanka albashi, wanda zai iya korarka gobe da safe, yace maka ga kuɗi kaza in ka bari an ci ku, sannan a ce maka wasa yake yi. In da yaron ya karɓa fa, wasan zai ci gaba da zama wasa?

An hukunta Ross, amma kan wani laifin daban, wato tuntuɓar ɗan wasa Tom Brady da koci Sean Payton a ɓoye alhali suna da kwantiragi da wasu ƙungiyoyi. Aka ci shi tarar dala miliyan 1.5, aka dakatar da shi zuwa 17 ga Oktoba, aka ƙwace wa kulob ɗin zaɓin zagayen farko na 2023 da na zagaye na uku na 2024. Mutumin da ke da biliyoyin daloli, miliyan ɗaya da rabi ai ko a jikinsa. A 2022 ɗin dai aka dakatar da ɗan wasa Calvin Ridley kakar wasa guda cur saboda yayi caca kan wasannin lig, shi yace abinda ya zuba bai wuce dala 1,500 ba, albashin da ya rasa ya haura dala miliyan 11. Ni ban ce kar a hukunta shi ba, caca haramun ce kuma ɗan wasa mai caca haɗari ne ga wasan, amma a auna mudun biyu a gani. Ga shi ita kanta NFL tun da kotun ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018 ta ƙulla ciniki da kamfanonin caca irin su DraftKings da FanDuel tana karɓar kuɗinsu. In har jama'a na zuba kuɗi kan wasa sannan a ce mai kulob na neman a faɗi, wannan ya wuce rikicin cikin gida, Amurka tana da dokar tarayya tun 1964 da ta haramta bada cin hanci dan a juya sakamakon wasa.

Abinda ya cinye shekarun nan ba ma sauraron shaidu bane, a'a, rigimar ina za'a saurari ƙarar ce. A kwantiragin kococi akwai sharaɗin cewa in rikici ya taso ba kotu za'a je ba, zaman sasanci za'a yi a cikin gida ƙofa a rufe, kuma wanda ke da ikon yanke hukunci shi ne kwamishinan lig ɗin, Roger Goodell, ko wanda ya naɗa. Shi Goodell tun 2006 yake kan kujerar, masu ƙungiyoyin nan su suka naɗa shi su ke biyansa su ke iya cire shi. Kura ce aka ba ajiyar nama, ba wani abu ba. A watan Maris 2023 mai shari'a Valerie Caproni ta raba abun gida biyu, tace ƙorafinsa kan Dolphins ya tafi zaman cikin gida tunda ya sa hannu a kwantiraginsu, amma na NFL da Giants da Broncos da Houston Texans da ya ƙara cikin ƙarar daga baya a yi shi a kotu. NFL ta ɗaukaka ƙara, a watan Agustan 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi goyon bayanta, tace tsarin da wanda ake ƙara ke riƙe da alƙalancin sasanci ne a suna kawai. A watan ne kuma kotun ƙolin jihar Nevada tayi irin wannan hukunci a ƙarar Jon Gruden, tsohon kocin Raiders da ya ajiye aiki a 2021 bayan an fallasa munanan saƙonninsa na imel. Shi Gruden ba abin tausayi bane, abubuwan da ya rubuta ƙazanta ce, amma tambayarsa tana nan, cikin imel 650,000 da aka tattara a binciken ƙungiyar Washington mi yasa nasa kaɗai suka fito, wa ya fitar?

Mi yasa suke gudun kotu haka? Saboda a kotu lauya na iya sa alƙali ya tilasta maka kawo wayarka da imel ɗinka da takardun banki, ya zaunar da kai ka rantse, 'yan jarida na zaune suna rubutawa. Ku duba abinda ya faru da mai Arsenal. A 2016 Kroenke ya kwashe Rams daga birnin St. Louis ya maida su Los Angeles, mutanen garin suka ce an yaudare su an karya ƙa'idar lig ta ƙaura bayan sun kashe kuɗi suna shirin gina sabon fili, a 2017 suka shigar da ƙara a kotun garinsu. NFL tayi ta ƙoƙarin a kashe ƙarar bata yi nasara ba, har alƙali ya bada umarni wasu daga cikin masu kulob su kawo bayanan dukiyarsu. Da aka ga saura 'yan makonni a fara shari'a gaban jama'a, a watan Nuwamba 2021 aka biya dala miliyan 790 aka rufe magana. Basu amsa laifi ba, gaskiya ne, amma kuɗi irin wannan ba'a bada su dan neman albarka. 'Yan Arsenal na majalisarmu in aka kawo wannan zance sai su ce ai ya sayo masu Declan Rice, shikenan.

A kwatanta da binciken cikin gida. Dan Snyder tsohon mai ƙungiyar Washington, mata ma'aikata da yawa sun yi ƙorafin cin zarafi a kulob ɗinsa, aka yi bincike a 2021 aka ci kulob ɗin tarar dala miliyan 10 amma ba'a fitar da rubutaccen rahoto ba ko shafi ɗaya. Sai da majalisar dokokin Amurka ta shigo, aka sake wani binciken, a 2023 aka ce an same shi da cin zarafin wata ma'aikaciya kuma kulob ɗin ya ɓoye kusan dala miliyan 11 da ya kamata a raba da sauran ƙungiyoyi. Aka ci shi tarar miliyan 60, a ranar da aka amince ya saida kulob ɗin kan dala biliyan 6.05. Ni a raina nace maganar mata bata tada masu hankali kamar yadda taɓa aljihunsu ya tada ba, Allah shi ne masani.

Yanzu mu dawo gida. A nan duk sanda aka yi maganar saida wasa sai kaji an ce ai talauci ne, rafali ba'a biya shi alawus ba, yara sun yi wata biyar ba albashi, dole su karɓa. Akwai gaskiya a ciki, wanda yaje Karkanda ko wani filin lig ɗinmu ya ga halin da 'yan wasa ke ciki ba zai musa ba. Amma lig ɗin da ya sa hannu a cinikin talabijin na sama da dala biliyan 100 a 2021 shi ma ga irin zargin da ke kansa, kuma ba yaran ake zargi ba, manyan ne. Dan haka ko gobe aka ninka albashin kowa sau goma, in dai mai laifi shi zai naɗa kwamitin da zai bincike shi, to ba inda za'a je.

Mun gani a 2013 a Bauchi, wasannin neman hawa rukuni, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, a rana ɗaya lokaci ɗaya, duniya tayi ta mana dariya. Hukuncin da NFF ta sanar shi ne haramta wa 'yan wasa da jami'ai ƙwallo har abada, ƙungiyoyin kuma shekara 10. To wa ya kawo kuɗin, daga wane aljihu suka fito, wa ya shirya? Yaran da ke zura ƙwallo duk minti ai ba su suka ƙulla ba. Koci Salisu Yusuf da aka fitar da bidiyonsa a 2018 yana karɓar dala 1,000, ɗan jaridar Ghana Anas ne ya bankaɗo ba wani kwamitin cikin gida ba, aka bashi hutun shekara ɗaya. Samson Siasia FIFA ce ta dakatar da shi har abada a 2019, kotun wasanni ta duniya ta rage zuwa shekara 5. Ita FIFA ɗin ma da ke hukunta wasu, sai da masu gabatar da ƙara na Amurka suka sa aka kama manyanta a otel a Zurich a 2015 kafin asirinta ya tonu, shekara da shekaru kwamitocinta na ɗa'a suna zaune.

Nasan mi za'a ce min, dokar FIFA ta hana kai maganar ƙwallo kotun gari, kuma a 2014 da wata kotu a Jos ta shiga rikicin shugabancin NFF sai da aka dakatar da Najeriya na 'yan kwanaki, rigimar Chris Giwa kuma taja mu shekaru har kotun ƙoli ba abinda ƙwallon ta ƙaru da shi. Na yarda, kuma nasan yadda ake sayen odar kotu a ƙasar nan. Ba cewa nike a kai rafali gaban alƙali saboda ya bada fenariti a minti na 95 ba, ko a je kotu kan wa zai zama ciyaman. Amma karɓar kuɗi dan a faɗi wasa, ko cinye kuɗin da gwamnatin jiha ta ware wa kulob, wannan ba maganar ƙwallo bace, sata ce da cin hanci, aikin EFCC ne da ICPC da 'yan sanda. Mu ma har namu yafi na Amurka zafi, domin Ross kuɗinsa ya sa ya sayi kulob, mu kau yawancin ƙungiyoyin lig ɗinmu na gwamnatocin jihohi ne, kuɗin talaka ne wanda ya kamata ya tafi asibiti ko makaranta. Ga shagunan caca sun cika gari, daga Ƙofar Ƙaura har cikin lunguna, yara na zuba kuɗin cefanen iyayensu kan wasan da ƙila tun daren jiya an gama ciniki a otel.

Abu ɗaya da ya burge ni da Flores shi ne ya fito da sunansa yana ɗan shekara 40, yasan ƙila ya rufe wa kansa ƙofa. Ya samu aiki daga baya, mataimaki a Pittsburgh a 2022, sannan mai kula da 'yan baya a Minnesota Vikings daga 2023, kuma yana aikin ne a cikin lig ɗin da yake ƙara. A nan in koci ya fito yace ciyaman ya umarce shi ya saki wasa, kafin la'asar an ce masa ɗan adawa ne, kafin magariba dattawa sun zo gidansa a yi haƙuri a rufa wa juna asiri, bashin albashinsa kuma ya bi ruwa.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku sa wakilinku na wasanni ya riƙa bin wannan shari'a yana kawo mana da Hausa in an fara kiran shaidu, musamman in aka zaunar da Goodell ko Belichick aka rantsar da su. Sannan dan Allah ku tura shi ma'aikatun wasanni na jihohin Arewa ya nemi a bashi a rubuce nawa aka ware wa kowane kulob a kasafin bana, nawa aka fitar, wa ya sa hannu ya karɓa, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ai dan irin wannan aka yi ta. Ku buga mana amsar da suka bayar, in sun ƙi ma ku buga cewa sun ƙi.

Na gode, Allah shi ƙara ɗaukaka.

Naku mai karanta ku kullum,
daga Ƙofar Sauri, Katsina.